Idan Jarabar Ƙwaya Ciwon Ƙwaƙwalwa Ce, Laifin Wa?

Me masu bincike suka gani a ƙwaƙwalwar wanda ƙwaya ta kama?

Akwai wani sinadari da ake kira dofamin, shi ke sa mutum ya ƙallafa rai a kan abu ya so komawa gare shi. Hodar iblis, hiroyin, barasa da nikotin duk suna sa shi ya yi ambaliya, kowanne ta hanyarsa. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta rage amsa masa. Hotunan ƙwaƙwalwa da likita Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna raguwar wuraren karɓar dofamin a masu wannan jaraba, shi ya sa abin da a da ke faranta rai yakan koma lami. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai ce wa mutum "dakata, duba ƙarshen abin nan", shi ma ƙarfinsa yakan ragu. A 1997 Alan Leshner, shugaban NIDA a lokacin, wato cibiyar binciken shaye-shayen ƙwaya ta Amurka, ya rubuta a mujallar Science cewa jarabar ƙwaya ciwon ƙwaƙwalwa ce, maganar kuma ta bazu.

Ke nan mashayi ba shi da zaɓi?

A nan ne nake ganin ana wuce gona da iri. Ƙarfin zaɓinsa ya raunana, amma bai mutu ba. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi diddigin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a farkon shekarun 1970. Kusan ɗaya cikin biyar hiroyin ya kama su a can, amma da suka koma gida, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai daga cikinsu suka sake faɗawa a shekarar farko. Ƙwaƙwalwar da ƙwaya ta kama a can ita ce suka dawo da ita. Abin da ya canza shi ne fargabar mutuwa, sauƙin samun ƙwayar, da mutanen da ke kewaye da su. Gado ma na da kaso, wajen rabi bisa kiyasin masana, sai dai rabi ba duka ba ne. Duk wanda ya zuba wa ƙwaƙwalwa ido ya mance da talauci, zaman banza da kaɗaici, rabin labari ya karanta.

Kotu fa, ta yarda da wannan hujja?

Ba gaba ɗaya ba. A 1962, a shari'ar Robinson da jihar Kalifoniya, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba za a hukunta mutum don kawai ƙwaya ta kama shi ba. A 1968, a shari'ar Powell da jihar Teksas, ta ce ana iya hukunta wanda ya bugu a bainar jama'a. Halin da mutum ke ciki daban, aikin da ya aikata daban.

Kiransa ciwo bai rage tsangwama ba?

Ya rage zargi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ta kwana tana kuka tana cewa ita ta kasa tarbiyya. Amma bincike ya nuna cewa idan aka danganta matsala da halittar jiki, mutane kan fi fid da rai da warkewa. Shi ma mai fama yana iya cewa, "Ai ƙwaƙwalwata ta lalace, me zan yi?" Alhali ƙwaƙwalwa na farfaɗowa sannu a hankali idan an daina sha, kuma mutane masu ɗimbin yawa sun daina.

Tunda hankalinsa ya taɓu, ba sai a yi masa magani dole ba?

Wannan tambayar ce ta fi damuna. Da zarar an ce mutum ba ya iya yanke wa kansa shawara, an buɗe ƙofar yi masa komai da sunan taimako. A ƙasar Sin an taɓa yi wa masu jarabar hiroyin tiyata ana ƙone wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwarsu, har ma'aikatar lafiya ta dakatar da aikin a 2004. Abin da aka ƙone ba ya dawowa. Kulle mutum ma na da nasa hatsarin: jikinsa yakan manta da yawan da ya saba sha, sai ya fito ya sha daidai na da, ya mutu. Makonni biyun farko bayan fitowa daga gidan yari na daga cikin mafi hatsari. Magungunan da suka tabbata, metadon da bufrenofin, suna rage mace-mace da kusan rabi, kuma suna aiki ne muddin mutum na ci gaba da karɓarsu.

Wace hanya gwamnatoci suka gwada?

A 2001 Fotugal ta daina ɗaukar riƙe ƙwayar da ba ta wuce ta kwana goma ba a matsayin laifin da ke kai mutum kurkuku. Wanda aka kama yakan gurfana gaban wani ƙaramin kwamiti mai iya tura shi neman magani, fataucin kuwa har yau laifi ne. Ƙasar ta haɗa da zuba kuɗi a wuraren jinya, kuma kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura ta ragu sosai. Jihar Oregon ta Amurka ta sassauta dokarta ta hanyar ƙuri'a a 2020, amma wuraren jinya ba su tashi da wuri ba, ga kuma fentanil, wata ƙwaya da ta fi hiroyin ƙarfi nesa ba kusa ba, ya cika gari. A 2024 majalisar jihar ta maido da hukuncin.