Tcof1

Tcof1 ƙwayar gado ce da ke kan kuromosom na 18 a jikin ɓera, wato kusu a bakin mutanen Tahoua. Takwararta ta ɗan Adam, TCOF1, tana kan kuromosom na 5. Wannan ƙwayar gado ce ke ba da umarnin haɗa furotin mai suna treacle, kuma lalacewarta a ɗan Adam ke haddasa cutar Treacher Collins.

Aiki

Treacle yana zaune a nukiliyolas, ɗan dunƙulen da ke cikin cibiyar tantanin halitta, inda ake fara ƙera ribosom, wato injinan da ke haɗa furotin. Can yake taimaka wa furotin ɗin UBF da RNA polymerase I wajen kwafo RNA na ribosom, wato sinadarin da ake gina ribosom da shi.

Tarihi

A 1900 likitan ido na Ingila, Edward Treacher Collins, ya bayyana cutar da ta ci sunansa. Franceschetti da Klein sun faɗaɗa bayanin a 1949, shi ya sa littattafan Faransanci irin waɗanda ɗaliban likitanci ke karantawa a Yamai sukan kira ta da sunan Franceschetti. Sai a 1996 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta, wato TCOF1. Ana samun cutar a kusan haihuwa 1 cikin 50,000: ƙashin kunci da muƙamuƙin ƙasa ba sa cika girma, gefen ido ya karkato ƙasa, kunne ya tsuke, ji ya ragu. Hankalin yaron kuwa galibi lafiya lau yake, abin da ya kamata iyaye su ji tun ranar farko.

Gwaji a ɓeraye

Nan ne aka ga yadda ɓarnar ke faruwa. Idan aka kashe ɗaya daga kwafi biyu na Tcof1, to idan ciki ya kai wajen kwana 8 zuwa 9, tantanin da za su gangaro su gina fuska sukan mutu da yawa, domin ƙarancin ribosom yana tayar da furotin p53, mai sa tantani ya kashe kansa. Ɓeran jinsin C57BL/6 yakan zo da nakasasshen kai, ya kasa numfashi, ya mutu da haihuwa. Na DBA kuwa yakan rayu. A 2008 ɗakin binciken Paul Trainor a Amurka ya nuna toshe p53 yana hana nakasar. Sai dai p53 ne mai tsare jiki daga sankara, saboda haka aka koma gwada maganin N-acetylcysteine, wanda ya rage lahanin a ɓeraye wajen 2016.

Wasu ƙwayoyin gado

Lalacewar ƙwayar gadon POLR1C ko POLR1D ma tana haddasa cutar, amma ba kasafai ba.