Don Allah a daina shiga lambun yara da kare

Jiya da la'asar sakaliya aka sake kawo mini wani da kare ya ciza, a asibitin da nake aiki. Yaro ne da bai wuce shekara shida ba, jini na zuba a ƙwaurinsa, uwar ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Tun kafin in tambaya na san inda abin ya faru: lambun shaƙatawar unguwarmu, gefen lilon yara. Mai karen ya biyo su a baya yana ta rantsuwa, "Wallahi Anti ba ya cizo, wasa yake masa."

Ba ya cizo. Maganar nan ta ishe ni. Kusan duk wanda ya rako yaron da karensa ya ciza, ita ce a bakinsa, ni kuwa ga sawun haƙora a gabana ina wankewa.

A ƙofar lambun nan akwai allo, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a shiga da kare. Ba don ƙin kare aka kafa shi ba. Kare na da ranarsa, yana gadin gida, yana bin garke, mafarauta ba sa fita sai da shi. Amma da rana ta yi sanyi sai ka ga samari sun shigo kowa da nasa, wasu irin manyan nan da ake saye da tsada, su wuce allon kamar ba su gani ba, su kwance sarƙa wai ya ɗan sha iska. Yara kuma na guje-guje suna ihu. Kare in ya ga abu na gudu, bin sa yake yi, haka aka halicce shi. Ƙanena, kai ya sani, don kai kake ba shi abinci. Bai san ɗan maƙwabcinka ba.

Na san kuna son dabbobin nan, wani ma sai ya hana kansa ya ciyar da karensa, kuma ban raina wannan ba. Abin da nake so ku sani shi ne abin da ke hana mu barci in an kawo cizon kare, wato ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ta yawun kare yake shiga. Ba sai cizo mai zurfi ba, ko yakushi ne, ko ya lashi inda yaro ke da ƙujewa. Sai raunin ya warke, kowa ya manta, bayan wata biyu ko uku yaro ya fara zazzaɓi, ya ƙi ruwa, yana firgita in iska ta taɓa shi. Idan aka kai nan, babu abin da ni ko wani babban likita zai iya yi. Kafin nan kuwa ana iya tare shi sarai.

Ga kuma kashin da ake bari cikin yashi, inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Ƙwan tsutsar ciki na daɗewa a ƙasa. Iyaye na ta sayen maganin tsutsa, ba su san daga inda take ba.

Ku kuma sauran jama'a, shirunku ya yi yawa. Ana gani ana kau da kai don ɗan wane ne, ko don kar a ce an cika fitina. Maigadin lambu dattijo ne shi kaɗai, in ya yi magana a yi masa tsawa, babu mai tsaya masa. Ku tsaya masa. A yi wa mai kare sallama, a nuna masa allon, a roƙe shi ya ɗaure ya fita. Ba da zagi ba, ba da jifa ba, don jifa na ƙara harzuƙa kare ne. In ya ƙi, a sami mahaifinsa, a kai ga mai unguwa da kwamitin unguwa. Kada wanda ya kuskura ya zuba guba, awaki da kaji da yara ne za su fara isa wurin.

In tsautsayi ya faɗa, ga abin yi cikin gaggawa:

A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu, minti 15 cur, a duba agogo.
Kar a sa toka, barkono, man juye ko ƙonannen gashin karen. Ba sa maganin komai.
A kawo shi asibiti a ranar, ko da ɗan karce ne.
Allurar rigakafin da za a yi masa ba ɗaya ba ce, a dawo duk ranar da aka rubuta a kati.
Karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara wa yaro allura.

A koya wa yara kuma, in kare ya nufo su kar su ruga, su tsaya cak, hannu a jiki, kar su kalle shi cikin ido.

Masu kare, allurar rigakafin dabbarku daga wata uku da haihuwa ake fara ta, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato na yin ta a nan gida Najeriya, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na allurar mutum ba. Ku je asibitin dabbobi, ku karɓi kati ku adana. Ko da katin ma, lambun yara ba wurin karenku ba ne. Ga bayan gari nan, ga fili fetal, a fita da shi da sassafe, da sarƙa a wuya.

Na tambayi saurayin jiya katin rigakafin karensa, sai ya sunkuyar da kai, bai taɓa kai shi ba. Uwar yaron kuwa sai da ta ci bashi kafin aka sayo allurar farko. Jibi za su dawo a yi ta biyu, kuma na gaya wa saurayin shi zai biya, ya zo da mahaifinsa.