Ina ake samun kilishi mai kyau a Kano? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda zai bar Kano zuwa Abuja, Legas ko Fatakwal, da wuya a rasa mai ce masa "ka taho mana da kilishi". Masu sayarwa kuwa ga su nan birjik, sai dai ba kowane jan falle da aka baza a faranti ne ya cancanci kuɗinka ba. Ga tambayoyin da baƙi da 'yan gari suka fi yi a kan lamarin.

Wace unguwa zan nufa?

Agadasawa, a cikin birni. Ita ce unguwar da ta yi suna da wannan sana'a, kuma akwai waɗanda suka gaje ta iyaye da kakanni. Ka ce wa mai adaidaita sahu ya kai ka wajen masu kilishi na Agadasawa, ba sai ka yi masa kwatance ba. Za ka kuma samu masu tebur a Fagge, da titin Gidan Zu, da hanyar filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, da tashoshin mota irin su Unguwa Uku. Akwai masu kaya mai kyau a cikinsu, amma da yawa sarowa suke yi, kuma ba lalle su gaya maka kwana nawa kayan ya yi a hannunsu ba.

Sunan unguwa shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ko a Agadasawan ma hannu ya bambanta. Amfanin zuwa can shi ne ka ga aikin da idonka.

Me zan gani idan na je inda ake yi?

Aikin yana farawa da sassafe, bayan an ɗauko nama daga kwata. Tsokar cinyar shanu ake so, wadda ba kitse ba jijiya. Mahauci zai zauna da wuƙa mai kaifi yana bin tsokar yana warware ta sannu a hankali, har dunƙule guda ya zama shimfiɗa mai faɗi, siririya ta yadda in ka ɗaga ta za ka hango hasken rana ta cikinta. Wannan yankan shi ne gwanintar, kuma ba a koyonsa a wata ɗaya. Sai a shanya a kan gadon kara ko asabari, a riƙa juyawa don kada ya manne.

In ya bushe sai a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa, tafarnuwa, gishiri da sinadarin ɗanɗano, wasu su ƙara ɗan sukari. A sake shanyawa, sannan a gasa shi sama-sama a kan garwashi na 'yan mintuna. Gashin nan na ƙarshe shi ke dafa naman, ya fito da ƙamshin gyaɗar.

Kana tsaye a wurin, duba abu uku: ko gadon shanyar yana sama da ƙasa, nesa da kwalbati da ƙurar titi, ko ƙuda sun yi wa naman baƙi, da kuma yadda kwanon labun yake. Ƙuda ɗaya biyu kam sai haƙuri, ai nama ne a fili. Amma in ka ga kwanon labu a buɗe ya kwana ya yi kumfa, ka yi sallama ka ƙara gaba.

To in na tarar an riga an gama, ta yaya zan bambance mai kyau?

Ka fara da neman ɗanɗano. Cewa "Malam, ɗan gutsuro min in ji" ba abin kunya ba ne, al'adar cinikin ce, kuma mai kaya mai kyau shi zai riga ka miƙowa. Ka dai nuna fallen da kake so a gutsuro daga jikinsa, domin wani yakan ware na ɗanɗano daban, na sayarwa daban.

Kafin ka kai baki, yaga shi. Kilishi na ƙwarai yana ɗan tanƙwaruwa kafin ya yage, kuma a bakin yagar za ka ga zaren nama sili-sili. In ya karye ƙas ya zubar da gari a tafin hannunka, labu ya rinjayi nama, ƙuli-ƙuli kawai za ka saya da kuɗin nama. Wannan ita ce dabarar da aka fi yi wa baƙo: a yanka naman siriri ƙwarai, a lafta masa labu mai kauri har ya yi nauyi ya cika ido. A ɗaya ɓangaren kuma, in ya yi laushi kamar ɗanyar fata, yana danƙo a yatsa, to bai gama bushewa ba, kuma ba zai kai mako ba zai yi fumfuna.

Sai hanci. Ƙamshin gasasshiyar gyaɗa da citta da ɗan hayaƙi ake nema. Warin tsohon mai alama ce ta kayan da ya daɗe, domin man da ya rage a tunkuza yana lalacewa in ya sha iska da zafi.

A baki kuwa, ka tauna ka ɗan saurara. Ɗanɗanon nama ya kamata ya biyo bayan na yaji, ya kuma daɗe a harshe. In ka ji maƙaƙi a maƙogwaro, ko ɗaci, ko yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙori, ka ajiye. Ɗacin nan ba ƙaramin abu ba ne: sau da yawa daga gyaɗar da ta yi fumfuna yake zuwa, kuma irin wannan gyaɗa tana iya ɗauke da guba mai illa ga hanta, wadda gashin 'yan mintuna ba ya kashewa. Ni dai ina zargin duk kilishin da barkononsa ya hana ni jin komai, don yawan yaji yakan rufe aibi.

Ja ko fari, wanne ya fi?

Ra'ayi ne. Jan yakan fi yaji, kuma launinsa daga barkono da kalar abinci da ake zubawa a labu yake. Farin, wanda a zahiri ruwan ƙasa ne, ya fi sauƙin yaji, ya fi dacewa da yara da masu gyambon ciki. In jan ya yi ƙyalli har yana rina yatsu, kala ta yi yawa.

Me ya sa yake da tsada haka?

Saboda kusan kashi 3 cikin 4 na ɗanyen jan nama ruwa ne, kuma rana ce ke shanye shi. Tsokar da ta cika hannu biyu da safe, in ta bushe sai ta koma abin da za ka naɗe a aljihu. Ƙara da cewa zaɓaɓɓen yanki ake amfani da shi, ga aikin yini guda ko biyu, ga gyaɗa da kayan yaji da gawayi. Farashin kuma yana bin kasuwar shanu: in sa ya yi tsada a Wudil ranar Juma'a ko a Dambatta ranar Lahadi, mai kilishi a birni zai ji a jikinsa.

Don haka in aka yi maka tayin falle mai faɗi a kan kuɗin da bai kai na tsire ba, ka tambayi kanka me aka rage. Araha ba ta ado. Ciniki dai ana yi, amma sau da yawa ya fi sauƙi ka faɗi na nawa kake so, a yanka a gabanka, sannan ka nemi gyara.

Akwai lokacin da ya fi kyau a saya?

Rani. Daga shigowar hunturu har zuwa zafin Maris da Afrilu iska a bushe take, nama yana bushewa da wuri kafin ya fara canzawa. Matsalar hunturu ƙura ce kawai. Damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, hadari yakan katse shanya, laima ta hana naman bushewa sosai, sai wasu su ƙarasa shi da wuta. Ana samun mai kyau a lokacin, amma ka ƙara sa ido, kuma kada ka sayi na ajiya mai yawa. Gab da Sallah da lokacin hutu ma buƙata tana yawa, hanzari yana shiga aiki. In kana son mai yawa, ka je ka ba da kuɗi a yi maka naka, ka faɗi yawan yajin da kake so, ka dawo washegari ko jibi.

Ta yaya zan san naman me ne?

Ka tambaya kai tsaye. Galibi na shanu ne, amma a Kano ana yanka raƙuma ma, kuma wasu suna yin kilishi da namansu. Halal ne, sai dai haƙƙinka ne a gaya maka. Bayan an tsoma a labu an gasa, ido ba ya rarrabewa, shi ya sa 'yan gari suke riƙe mutum ɗaya da suka yarda da shi shekara da shekaru.

Na cikin leda da ake sayarwa a kantuna da Instagram fa?

Yana da amfaninsa, musamman ga mai tafiya: ba ƙura, ba ƙuda, ba man da zai ɓata kaya a jaka. Aibinsa shi ne ba ka ɗanɗanawa. Duba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna), da ranar da aka yi shi, da adireshin masu yi. In ka ga gumi ko ɗigon ruwa a cikin ledar, an ƙulle shi da ɗuminsa, kada ka saya. Na intanet kuwa, fara da ɗan kaɗan.

Yaya zan ajiye shi, kuma zan iya fita da shi ƙasar waje?

Ka bari ya huce sarai kafin a naɗe. Takarda mai tsabta marar rubutu ta fi jarida, don tawada tana bin mai ta shiga nama. In ka isa gida, ka fitar da shi daga leda, ka sa a wuri mai iska marar laima. Wanda ya bushe da kyau yana yin watanni, amma daɗinsa yana cikin makonnin farko. In ya yi sanyi ya saki, ɗora shi a kan garwashi ko busasshen kasko minti ɗaya biyu, zai dawo. Wanda ya yi fumfuna kuma zubarwa ake yi, ba a kankarewa.

Tafiya cikin Najeriya ba matsala. Amma Ingila da Amurka sun hana matafiyi shiga da nama daga Najeriya, busasshe ne ko ɗanye, ko da yana cikin leda mai lamba. In aka kama, za a ƙwace, wani lokaci har da tara, musamman ga wanda bai bayyana cewa yana ɗauke da shi ba. Mai zuwa wata ƙasar daban ya bincika dokar kwastan ɗinta kafin ya biya kuɗin kilishin.