Altaneta ko dinamo a jirgin sama haɗin gida? Amsa ga samarinmu na Garwa

Wata guda ke nan samari masu ƙera ƙananan jirage daga Garwa da Marwa suna zuwa wurin aikina da tambayoyi iri ɗaya kan altaneta da dinamo, wato na'urorin da injin ke juyawa su yi cajin batir. Bari in amsa sau ɗaya, kowa ya karanta.

Wanne zan sa?

Altaneta, wadda kanikawanmu ke kira alternateur. Ta fi sauƙin nauyi, kuma tana cajin batir ko injin yana silo.

To me ya kayar da dinamo?

Sai injin yana gudu sosai dinamo yake caji. Lokacin saukowa kuwa ka rage mai, rediyo na kunne, batir na ta zuba. Duk wutar da dinamo yake haifarwa ta kan burushi take bi, wato 'yan gawayin nan da ke gogar ɓangaren da ke juyawa, shi ya sa yake cinye su. Altaneta ɗan kaɗan ke bi ta burushinta, diyod, 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, su ke daidaita sauran. Abu ɗaya na yarda dinamo ya fi: yana tada kansa ko batir ya mutu murus, altaneta kuwa sai batir ya ɗan ba ta wuta.

Idan caji ya tsaya a sama, injin zai mutu?

Wannan ya kamata ku fara tambaya, amma ba mai yi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Injin mai magneto, wato na'urar da ke haifar da wutar tartsatsi daga juyawar injin, da kansa yake ba fulogi wuta, ba ruwansa da batir. Injin mota ko na babban babur da kuka ɗora wa farfela kuwa, batir ya ƙare, ya tsaya cak. Ƙanena, sama ba gefen titi gare ta ba. Sa batir na biyu da makunninsa daban.

Zan iya ciro altanetar mota daga gareji in ɗaura?

Za ka iya, an sha yi, amma ban ce kowacce ba. Injin jirgi mai juya farfela kai tsaye yawanci ba ya wuce zagaye 2,700 a minti, na mota ya ninka haka, don haka sai ka duba girman fuli, in ba haka ba cajin silo da ka saye ta dominsa ba za ka samu ba. Sannan regileta, abin da ke daidaita ƙarfin wutar caji. Yawancin altanetocin mota a cikinsu take, kuma idan ta lalace wuta na iya haurawa ta tafasa batir ta ƙone rediyo, wasu ma ko ka kashe makunni ba sa dainawa. Ni na fi son mai regileta a waje, da abin yanke wuta idan ta yi yawa, ko da yake akwai masu tashi da ta ciki shekaru ba abin da ya faru. Ya danganta da irin wadda ka samu da kuma abin da ka jona mata.

Ga zafinmu. Maris da Afrilu a Garwa ana haura digiri 40, diyod kuwa ba ta son zafi, sai ka ja mata bututun iska. Wani yaro ya kawo mini tasa bayan hunturu, na buɗe bayanta, jar ƙura ta daskare a kan burushi kamar garin bulo, ƙarfen da ya ɗaure ta da shi ya tsage wajen ƙusa saboda girgiza. Kada ka yi walda a nan, yanko ƙarfe mai kauri.

Altaneta mai amfiya nawa, wato mai ƙarfin wuta nawa, zan sa?

Tara wutar da kayanka ke ci, kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta. Injin ƙananan jirage Rotax 912 da tasa yake zuwa a ciki, wat 250, irin mai maganaɗisun nan na babur.

Ina da tsohon injin Volkswagen da dinamonsa, in jefar?

Kwantar da hankalinka. Idan da rana kake tashi, magneto gare ka, rediyo ɗaya kawai, zai yi maka aiki. Ka riƙa duba burushi.

Na jona wayoyin batir a juye sau ɗaya, akwai matsala?

Akwai. Mai yiwuwa diyod na altaneta sun tafi nan take. Tada injin ka sa mita: volt 13.8 zuwa 14.2 za ka gani in tana lafiya. Idan 12 ta nuna, kawo ta in duba kafin ka sake tunanin tashi.