Naciya Cikin Addu'a a Addinin Kirista

Naciya cikin addu'a koyarwa ce ta addinin Kirista da ke kiran mai bi ya ci gaba da kai kukansa gaban Allah ba tare da karaya ba, ko da amsa ta yi jinkiri ko ta zo ta hanyar da bai zata ba. Katolika da Otodoks da Furotesta duk sun yarda da ita, sai dai kowace ɗariƙa da yadda take aiwatar da ita.

Tushenta mafi ƙarfi yana cikin misalai biyu da Yesu ya bayar a Bisharar Luka. A sura ta 18 akwai wata gwauruwa da ta yi ta zarya wurin wani alƙali wanda ba ya tsoron Allah, ba ya kuma ganin kowa da gashi, tana neman ya ƙwato mata hakkinta. Ba ta da mai tsaya mata, abin da ya rage mata kawai shi ne ta sake komawa. Daga bisani alƙalin ya biya mata bukata, ba don adalci ya taɓa zuciyarsa ba, sai don kada ta gajiyar da shi da yawan zuwa. A sura ta 11 kuma wani mutum ne ya ƙwanƙwasa ƙofar abokinsa da tsakar dare yana neman aron gurasa uku domin baƙon da ya sauka masa. Mai gida ya ce ƙofa a kulle take, yara sun kwanta, amma saboda nacin mai roƙon ya tashi ya ba shi.

Sau da yawa akan yi wa waɗannan misalai gurguwar fahimta, a ɗauka cewa Allah ma sai an dame shi kafin ya saurara. Mafi yawan masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun tafi a kan akasin haka: idan azzalumin alƙali zai iya yin daidai saboda naci, balle Uba mai ƙaunar 'ya'yansa. A Matiyu 6:7 Yesu ya hana almajiransa tara kalmomi barkatai da zaton yawan magana ne zai sa a ji su, amma shi da kansa ya maimaita roƙo ɗaya har sau uku a gonar Getsamani. Ke nan abin da aka hana ba maimaitawa ba ne, tunanin cewa ana iya tilasta wa Allah ne.

To, in Allah ya san bukatar mutum tun kafin ya buɗe baki, me ya kawo naci? Amsar da ta fi tasiri ita ce ta Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka. A wasiƙarsa ga wata gwauruwa mai suna Proba, wajen shekarar 412, ya bayyana cewa addu'a ba labari take ba Allah ba, marmarin mai roƙo take faɗaɗawa domin ya iya ɗaukar abin da za a ba shi. A wani wa'azinsa ya kwatanta wannan da mai buɗa bakin buhu domin ya ci kaya da yawa. Ba daga karatu kaɗai ya san batun ba, domin mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana masa addu'a da hawaye kafin Ambrose, bishop na Milan, ya yi masa baftisma a can a 387, shekarar da ita kuma ta rasu.

Tsohon Alkawari ma cike yake da masu naci, irin su Ibrahim da ya yi ta roƙo kada a hallaka birnin Saduma in an sami adalai 50 a cikinsa, yana rage adadin har zuwa 10, da Hannatu da ta nemi ɗa. Labarin Iliya a Dutsen Karmel ya fi fito da abin fili: bayan shekarun fari ya sunkuya ƙasa, fuskarsa a tsakanin gwiwoyinsa, yana aiken baransa ya duba wajen teku, baran yana dawowa da cewa babu komai, sai a karo na bakwai ya hango ɗan girgije kamar tafin hannun mutum.

Umarnin Manzo Bulus a 1 Tasalonikawa 5:17 na yin addu'a ba fasawa ya haifar da tsare-tsare iri-iri a tarihin ikkilisiya. Dokar zaman sufaye ta Benedikt, ta ƙarni na 6, ta tsara wa sufaye lokutan addu'a bakwai da rana da ɗaya da dare. 'Yan Otodoks sun riƙi gajeren roƙon neman jinƙan Yesu, suna nanata shi ko suna cikin aiki. A 1727 kuwa 'yan Morabiya, wata ɗariƙar Furotesta, na Herrnhut a Jamus suka raba sa'o'in dare da rana a tsakaninsu, addu'ar ta ci gaba ba yankewa fiye da shekara 100.

Inda ake samun saɓani shi ne a kan abin da naci ke lamuncewa. Wasu masu wa'azin wadata suna koyar da cewa duk wanda ya nace da bangaskiya lalle ya sami ainihin abin da ya roƙa. Wannan ra'ayi yana da wuyar daidaitawa da 2 Korintiyawa 12, inda Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alheri ya ishe shi, ƙayar kuwa ba a cire ta ba.