Kwafar ƙa'idojin rukuni tsakanin sassa a Active Directory

Kwafar ƙa'idojin rukuni aiki ne da masu kula da kwamfutocin Windows na ma'aikatu ke yi idan suna son saitin da ke aiki a wani sashe na kundin Active Directory ya yi aiki a wani sashen. Active Directory shi ne kundin da Windows ke riƙe bayanan asusun ma'aikata da na kwamfutocinsu a ciki. Tsarin da ke ɗauke da ƙa'idojin, kamfanin Microsoft ya raɗa masa suna Group Policy, ƙunshin saiti guda kuma ana ce masa GPO. Sashen kundin kuwa, inda ake tara asusun ma'aikata da kwamfutoci gwargwadon ofis ko reshe, shi ne OU a bakin masu sana'ar. Sunan aikin yana da ɗan ruɗi, domin GPO ba ya zaune a cikin OU ko kaɗan. Ajiyarsa a matakin domen take, wato babban yankin kundin da ya ƙunshi sassan, sashe nuni kawai yake yi zuwa gare shi. Don haka abin da ake kira kwafa abu biyu ne daban: ko a liƙa GPO ɗaya a sassa da yawa, ko a haifar da sabon GPO mai kama da na farko.

Tarihi

Kafin Group Policy akwai System Policy, wanda ya yi aiki a Windows 95 da Windows NT 4.0 na 1996. Da wata manhaja mai suna Poledit ake tsara shi, a adana saitin a fayil guda, NTConfig.pol ga NT, Config.pol ga Windows 95. A wancan zamani kwafa ba ta da wata wahala, tunda fayil ɗaya ne a ɗauka a ajiye wani wuri. Damuwar tana wani gefen: saitin da ya shiga rajistar kwamfuta, wato ma'ajiyar saitunan Windows, ba ya fita ko da an janye dokar, sai an bi shi an goge da hannu. Turawa sun kamanta wannan da zanen jiki, wanda in an yi shi an yi ke nan.

Windows 2000, wanda ya fito a watan Fabrairun 2000, shi ya zo da Active Directory da Group Policy tare. Ya magance matsalar makalewar saiti ga mafi yawan dokoki ta hanyar ware musu wurare na musamman a rajista, waɗanda ake sharewa a sake rubutawa. Amma bai zo da hanyar kwafar GPO ba. A lokacin ana shiga ƙa'idoji ne ta wani shafi da ke cikin bayanan kowane sashe, a manhajar Active Directory Users and Computers, kuma wannan fasali shi ya dasa wa mutane da yawa tunanin cewa GPO mallakar sashen ne. Wanda ke son irin saitin a wani GPO, ko dai ya zauna ya sake shigar da shi ɗaya bayan ɗaya, ko ya sayi kayan aikin wasu kamfanoni, ko ya kwashi fayiloli daga jakar wannan ya juye a jakar wancan. Dabara ta ƙarshe ta yaɗu sosai duk da cewa takan bar aiki rabi da rabi, saboda dalilin da zai zo a ƙasa.

Sauyi ya zo da Group Policy Management Console, wato GPMC, a wajajen fitowar Windows Server 2003. Da farko daban ake sauke ta, sai daga Windows Server 2008 ta zama cikin kayan da tsarin ke zuwa da su. Ita ce ta fito da ayyuka huɗu da har yau ake dogaro da su: ajiyar madadin, maidowa, shigo da saiti, da kwafa. Ita ce kuma ta fara nuna dukkan GPO a jaka guda, ta nuna abin da ke ƙarƙashin sassa a matsayin mahaɗi mai alamar ƙaramar kibiya. Ta zo da rubutattun umarni irin su CopyGPO.wsf ga masu son aikin ya gudana da kansa. A 2009, tare da Windows Server 2008 R2, aka samu umarnin PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Windows, irin su Copy-GPO, Backup-GPO, Import-GPO da New-GPLink, waɗanda suka maye gurbinsu.

Wani reshe na tarihin ya biyo ta kamfanin DesktopStandard, wanda Microsoft ta saya a 2006. Daga kayansa aka samu Group Policy Preferences a Windows Server 2008, wanda ya ƙara saitin firinta, jakunkunan da ake rabawa, gajerun hanyoyi da makamantansu. Irin waɗannan saituna cike suke da sunayen uwar garke, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, da na rukunoni, abin da ya ƙara wa kwafa sarƙaƙiya.

Inda GPO yake zaune

Kowane GPO rabi biyu ne. Rabi yana cikin kundin kansa, ƙarƙashin System sannan Policies, yana riƙe da suna, lambar siga, izini da jerin ɓangarorin da kwamfuta za ta kira don aiwatar da saitin. Ɗaya rabin jaka ce a cikin SYSVOL, wadda ake maimaitawa a kan kowace uwar garken domen, wato mai riƙe da kundin, tana ɗauke da GPT.ini da fayilolin Registry.pol na na'ura da na mai amfani. Abin da ya haɗa su lamba ce doguwa da ba ta maimaituwa, GUID. Biyu kawai ne lambarsu ɗaya ce a kowane domen a duniya: Default Domain Policy, mai farawa da 31B2F340, da Default Domain Controllers Policy, mai farawa da 6AC1786C.

Nan ne juyen fayiloli da hannu ke yin tuntuɓe. Fayilolin sun isa, amma rabin da ke cikin kundi bai san an ƙara komai ba, sai kwamfutoci su tsallake saitin.

Sashe kuwa yana da wani gurbi mai suna gPLink, inda ake jera GPO ɗin da aka liƙa masa. Kwamfuta tana bin su daki-daki: na cikinta, na wurin da take, na domen, sannan na sassa daga uwa zuwa 'ya. Wanda ya zo ƙarshe shi ke rinjaye idan aka yi karo, sai fa in an tilasta wani mahaɗi na sama, wanda ko toshe gado, wato hana sashe karɓar ƙa'idojin da ke samansa, ba ya hana shi wucewa. Kwamfutoci na sabunta ƙa'idoji kowane minti 90 da ƙarin da bai wuce minti 30 ba, uwar garken domen kuwa kowane minti 5.

Liƙawa da kwafa

Liƙawa ita ce hanya mafi sauƙi, kuma a yawancin lokuta ita ce ainihin abin da mai neman kwafa yake buƙata. A GPMC ana zaɓar sashen a ce a liƙa GPO da ke akwai, ko a jawo GPO ɗin a sake shi a kan sashen. Babu sabon abu da aka halitta. Gyara ɗaya ya isa ko'ina, kuskure ɗaya ma haka. Goge mahaɗi ba ya taɓa GPO, amma goge GPO daga jakarsa yana kwashe shi daga dukkan sassan domen ɗin.

Kwafa ta gaskiya ana yin ta ne a jakar Group Policy Objects, ba a kan sashe ba. Ana samun sabon GPO da sabuwar GUID, sunansa ya fara da Copy of har sai an canza shi. Ana tambayar mai kwafa ko a riƙe izinin na asali ko a sa na yau da kullum. A PowerShell kuwa sai an ƙara CopyAcl kafin izinin ya biyo. Daga ranar nan kowane ya kama gabansa. Kwafa ta fi dacewa idan sassan biyu za su bambanta a wasu saituna, ko idan ana son gwada gyara a kan kwamfutoci kaɗan kafin a taɓa wanda jama'a ke aiki da shi.

Shigo da saiti hanya ce ta uku: a ɗauki ajiyar madadin wani GPO a zuba a cikin wani da ke akwai. Tana shafe duk saitin da ke ciki, ba ta gauraya su, amma tana barin izini da mahaɗai yadda ta same su.

Abin da ba ya bin kwafi

Mahaɗai ba sa bi. Sabon GPO ba ya aiki a kan kowa har sai an liƙa shi. Matsayinsa a jerin fifiko, tilastawa da toshe gado duk na sashe ne ko na mahaɗi, ba na GPO ba. Shi ya sa GPO iri ɗaya kan ba da sakamako daban a sassa biyu, tunda abin da kowane ya gada daga sama ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma saitin da ko an kwafa ba zai yi abin da ake zato ba. Dokar kalmar sirri ta asusun domen daga GPO da aka liƙa wa domen kansa kawai take fitowa. Wadda aka liƙa wa sashe tana shafar asusun cikin gida na kwamfutocin sashen ne kurum. Mai son kalmar sirri daban ga wani rukuni sai ya bi ta wani tsari dabam da ya zo da Windows Server 2008, wanda ba GPO ba ne. Haka nan saitin mai amfani ba ya tasiri a sashen da kwamfutoci kaɗai ke ciki, in ba an kunna loopback ba, wato saitin da ke sa mai amfani ya bi ƙa'idojin sashen kwamfutar da ya shiga. Jakunkunan Users da Computers da kundin ke zuwa da su kuwa ba sassa ba ne, ba a liƙa musu komai.

Tun gyaran tsaro na MS16-072 a watan Yunin 2016, kwamfuta ce ke karanta ƙa'idojin mai amfani da nata asusun. GPO da aka cire wa izinin karantawa na Authenticated Users ba tare da an ba kwamfutocin izini ba yakan daina aiki shiru, kuma kwafin da ya riƙe izinin asali yana gadon wannan aibi. Tsofaffin GPO ma kan iya ɗauke da kalmomin sirri da aka adana ta Preferences. Gyaran tsaro na MS14-025 na Mayun 2014 ya hana sa sababbi, tunda mabuɗin ɓoye su a fili yake, amma bai goge na da ba. Umarnin gpresult ne ke nuna abin da ya isa kwamfuta a zahiri.

Tsallaka domen

Kwafa kai tsaye zuwa wani domen tana buƙatar amana tsakaninsu, wato alaƙar da ke sa domen ɗaya ya yarda da asusun ɗayan. Ajiya da shigowa ba sa buƙata. Sunayen rukunoni da adireshin jakunkunan da ake rabawa ana sauya su da teburin ƙaura, fayil mai ƙarshen migtable.

Saɓanin ra'ayi

Wasu na ganin a yi GPO kaɗan masu saiti da yawa, a liƙa su ko'ina, don shiga kwamfuta ya yi sauri. Wasu sun fi son ƙanana masu aiki guda guda, don sauƙin gano matsala da rarraba iko. Iyakar da tsarin ya gindaya ita ce GPO 999 a kan mai amfani ko kwamfuta guda.

Halin yanzu

Ma'aikatun da ke komawa Microsoft Intune, tsarin kula da kwamfutoci ta intanet, suna fitar da rahoton GPO a fayil na XML su shigar da shi can, don ganin saitunan da ke da takwara.