Mai rozeshiya, ki daina ɓoye fuskarki kafin a ɗora miki na'urar ɗame fata

Kwanan baya wata baiwar Allah ta shigo ɗakin da muke duba masu ciwon fata tana fifita fuskarta da katin asibiti. Kumatu sun kumbura, ƙananan ƙuraje sun feso tun daga gefen hanci har haɓa, ta ce ji take kamar an kara mata garwashi. Na ɗauki auduga na goge hodar da ta lafta, sai ga fatar ta yi jawur duk da duhunta, alamar rozeshiya, ciwon fatar nan da ke sa fuska ja da raɗaɗi da ƙuraje, yana lafawa yana tashi. Kwana huɗu ke nan da aka yi mata aikin ɗame fata da na'urar nan da ake kira HIFU. Na ce, "Hajiya, kin gaya musu kina da rozeshiya?" Ta sunkuyar da kai. "Sista, ai da na faɗa ba za su yi mini ba."

Wannan amsar ta ishe ni. Na ji ta har na gaji, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Da yawanku da kun ji an ce da sauti na'urar ke aiki, sai ku ɗauka irin sikanin da ake yi wa mai juna biyu ne, a shafa man nan mai sanyi, a goga, a tashi. Ita wannan tara sautin take yi wuri guda, kamar yadda gilashi ke tara hasken rana har ya ƙona takarda. Tana gasa ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin fata, a zurfin milimita 1.5 ko 3 ko 4.5, kuma zafin kowane ɗigo yakan kai digiri 60 zuwa 70. Jiki ne ke gyara wuraren da aka gasa, ya saƙa sabon kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata ya ba ta ƙarfi, fata ta ɗame a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Tun 2009 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da Ultherapy, wani samfurin irin wannan na'urar, don ɗaga gira, a 2012 ta ƙara da wuya da ƙarƙashin haɓa. A hannun ƙwararre, mai lafiyayyar fata takan sha ɗan ja da kumburi da tsami na 'yan kwanaki, shi ke nan. Don haka ni ba gaba nake yi da na'urar ba.

Amma ke da kike da rozeshiya, me ya fi tayar miki da ita? Zafi. Kin sani, na sani. Rana ta buge ki, fuska ta ɗauka. Ki yi wanka da ruwa mai zafi, ta ɗauka. Ranki ya ɓaci, ta ɗauka. To don Allah ya za a yi ki kai fuskar da take cikin tashi, tana raɗaɗi, da ƙuraje a kanta, ki miƙa wa na'urar da duk aikinta zafi ne, sannan ki yi shiru?

Shirun ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dabarar da wasu suka koya: saura kwana biyu ko uku a yi aikin, sai su nemo man shafawa mai sitiroyid, wanda za ki ga an rubuta betamethasone ko clobetasol a jikin kwalinsa, su shafa safe da dare. Fuska ta kwanta luf, mai na'ura ya duba bai ga komai ba, ya hau aiki. 'Yar uwa, kanki kika yaudara. Man nan danne ciwon yake yi na ɗan lokaci, da kin daina sai ya dawo da ƙarfinsa, in kuma kin daɗe a kansa ya sirantar da fata, ya fito da ƙananan jijiyoyin jini fili. Shi kansa yana haddasa irin wannan ciwon ga wadda ma ba ta da shi. Ga zafin na'ura, ga ramuwar sitiroyid, duk a fuska ɗaya. Wa kika cuta?

Na san ba kowa ke ɓoyewa da gangan ba. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, sai mace ta yi shekaru tana cewa ƙurajen fuska ne kawai. In fuskarki na yawan ɗaukar zafi haka kawai, tana yi miki raɗaɗi da kin shafa mai, ƙurajenki a tsakiyar fuska suke kuma ba su da baƙin kai, ko idanunki na yi kamar an zuba yashi, ki je likitan fata ya duba ki kafin ki je ko'ina. Ba abin kunya ba ne, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba.

Kuma ban ce an haramta miki aikin har abada ba. Wadda ciwonta ya lafa da magani na gaskiya, likita na iya dubawa ya ce a yi, ya zaɓi zurfin da ya dace, ya kauce wa inda fatar ta fi rauni. Amma sai ya sani tukuna. In kin ɓoye, da me zai yi lissafi?

A taƙaice, ga abin da nake roƙo:

- Fuska na cikin tashi, ko akwai ƙuraje masu ruwa ko rauni a wurin, a ɗage ranar.
- Ki je ba hoda, ba komai, a ga fatar yadda take.
- Ki faɗi duk abin da kike shafawa da wanda kike sha, har isotretinoin, ƙwayar nan ta maganin ƙurajen fuska masu tsanani, in kina kai. In akwai na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jikinki, ki faɗa.
- Kin daɗe kina shafa sitiroyid? Kada ki yanke shi kwatsam, likita ne zai janye miki shi a hankali.
- Wanda bai tambaye ki tarihin fatarki ba kafin ya kunna na'ura, ki tashi ki tafi.
- Bayan aiki, ki guji rana da tururi da goge fuska, ki riƙa shafa man kariyar rana mai SPF 30 ko sama.
- Bororo, zafin da ke ƙaruwa, ko gefen baki ya karkace, ki dawo asibiti a ranar.

Hajiyar nan likita ya ɗora ta a kan doxycycline da man metronidazole, muka fara raba ta da sitiroyid ɗin da ta zaro daga jaka da kanta bayan na matsa. Tana bakin ƙofa ta juyo ta ce, "To Sista, yaushe zan koma a ƙarasa mini wuyan?" Na ce ta fara dawo mini bayan mako shida, kuma ta zo da fuskarta ba hoda.